Ba a Ambaton Mai Rai a Zaure

Daga Auta zuwa ga Yayanta

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya hanya, ya iyali? Ka gaishe min da matarka da yaran. Na yi ta kiran wayarka ba ta shiga, na san kana kan titi da tirelarka, shi ya sa na ce bari in rubuta, in ka sauke kaya ka karanta a tsanake. Kuma gaskiya maganar ta fi min sauƙi a rubuce, don in a waya ce ba za ka bari in kai aya ba.

Maganar Baba ce. Don Allah kar ka rufe.

Ka tuna Baffa na gidan waya, wanda kakansu ɗaya da Baba, wanda ya zo ta'aziyyar Mama bara riƙe da lema alhali ko hadari babu? Ashe tun da ya yi ritaya ya buɗe wani abu da suke kira zauren zuriya. Ba zauren gini ba ne, adireshin imel ne guda ɗaya. In ka aika saƙo can, sai ya faɗa akwatin duk wanda ya yi rajista, kuma dukkansu danginmu ne ta wajen Baba, wasu nan kusa, wasu can uwa duniya. Ba su da aiki sai tonon asali: wa ya haifi wa, wa ya auri wa, ina aka binne wane. Amma ba saƙon da ke fita sai Baffa ya karanta ya buɗe masa ƙofa. Wata mata ce ta zo shagonmu a canza mata gilashin tabarau, hira ta kawo hira, ashe 'yar uwa ce, ita ta ba ni adireshin.

Na zauna a bayan kanta da rana tsaka, shago ba kowa, na rubuta cikakken sunan Baba. Na ce ya yi aiki a maɗaba'a, ya fita daga gida ina goye, yau shekara talatin da 'yan kai ba a sake jin ɗuriyarsa ba, duk wanda ya san wani abu ya taimaka.

Yaya, dawo min da saƙon Baffa ya yi. Wai dokar zaure ta hana ambaton mai rai, kuma duk wanda ba a tabbatar da rasuwarsa ba, a wurinsu mai rai ne. Ka ji fa! Ni da na shiga don in san ko yana raye, an ce sai na kawo shaidar ya mutu kafin in yi tambaya.

Lokacin da Mama ke raye ban taɓa ɗaga maganar ba, don na ga yadda fuskarta ke yi in an ambace shi. Yanzu ba ta nan, abin kuma ya hana ni sakat. Duk tsohon da ya shigo shago, ina gwada masa firam ɗin tabarau, fuskata dab da tasa, sai in tsinci kaina ina duban hancinsa da girarsa. Rannan wani ya ce, "Yarinya, idon ne za ki auna ko ni za ki saya?" Na yi dariya, amma da ya fita sai da na shiga ɗakin yankan gilashi na yi kuka. Ni ko addu'a ban san wacce zan yi masa ba, ta masu rai ko ta waɗanda suka riga mu.

Ka faɗa min abin da ka gani.

Ƙanwarka,
Auta

Daga Yaya zuwa ga Auta

Wa alaikumus salam Auta,

Muna lafiya, yara na gaishe ki. Ina wurin sauke kaya, an ce sai an gama da motar da ke gabana, ga zafi, ga kuma saƙonki. Kin ƙara min.

Ke dai wallahi ba kya jin bari. Mutumin da ya sa ƙafa ya fita ya bar mace da yara biyu, shi ne za ki bi duniya kina cigiyarsa kamar akuya ta ɓata? Akuya ma in ta ga yamma ta yi tana nemo gida.

Ba ki san shi ba, shi ya sa kike ƙawata shi a ranki. Ni na san shi. Kullum da jan biro a aljihun gabansa, aikinsa kenan a maɗaba'a, neman kuskuren mutane kafin a buga. Ina aji uku malama ta ce kowa ya rubuta wa babansa wasiƙa. Na rubuta, na kawo masa jikina na rawa. Ya karanta, ya ciro jan biron nan, ya gyaggyara, ya miƙo min. Ko madalla bai ce ba. To wannan kike nema.

Ni dokar Baffa ta yi min daidai. Ki bar abin nan, kada allura ta tono garma. In ya mutu Allah ya ji ƙansa, in yana raye ya san hanyar gida, ba mu tashi daga gidan ba sai da Mama ta rasu.

Ki ci abinci, ki daina leƙen fuskar tsofaffi kafin a kore ki daga aiki.

Yayanki

Daga Auta zuwa ga Baffa

Assalamu alaikum Baffa,

Ina gaisuwa, Allah ya ƙara girma da lafiya. Ya jiki, ya mutanen gida?

Na ga bayaninka a kan saƙona, kuma ba gardama na zo yi da babba ba. Amma Baffa, ka duba min da idon rahama. Ina karanta abin da ke shigowa zaure kullum. An kwana ana musu a kan ko kakan kakanmu ya auri mata uku ne ko ɗaya ce ta canza suna. Mutanen da suka zama ƙasa tuni ana nemansu ruwa a jallo, kowa na taimakawa. Ni kuma mahaifina nake nema, wanda jininsa ke jikina, an ce in yi shiru.

Ba adireshinsa nake so a liƙa a bango ba. Tambaya ce kawai: akwai wanda ya gan shi? In doka don kare mutane aka yi ta, ni ma ai mutum ce, kuma ni ce ke cutuwa.

Ka yafe min in na yi tsaurin ido.

'Yarka,
Auta

Daga Baffa zuwa ga Auta

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, wasiƙarki ta iso, na karanta ta sau biyu, kamar yadda nake yi wa duk wasiƙar da aka rubuta da ɓacin rai. Ba ki yi tsaurin ido ba.

Ke sabuwa ce, bari in faɗa miki yadda zaman zauren yake. Yawancin dokokinmu na ladabi ne kawai. A kan saƙo a sa sunan wanda ake nema da garin da zamanin, kada a rubuta "Taimako don Allah", mu duka taimakon muke nema. In za a ba da amsa a yanke tsohon saƙon da ke ƙasa, don muna da wata gwaggo da ke dawo mana da shafi goma ta rubuta "Amin" a kansa. Ba a rubutu da manyan baƙaƙe, ihu ne, ko da yake akwai wani tsohon soja da na gaji da faɗa wa, ya ce shi haka muryarsa take. Ba a turo hoton fulawa da barka da safiya. Wanda ya kawo bayani ya faɗi inda ya samo, ko da cewa zai yi kakarsa ce ta faɗa masa. Waɗannan in an karya su, tsaki kawai nake yi.

Ta mai rai daban take, kuma ba daga littafi na kwafo ta ba. A farkon zauren wani ɗan uwa mai ƙwazo ya jera zuriyar gidansu kaf, har da wata ƙanwarsa da garin da take da sunayen 'ya'yanta. Bai san ta gudu ne daga hannun mijin da ya karya mata haƙarƙari ba. Abin da aka rubuta a zaure ba ya gogewa, yana nan a ajiye, kowa na iya lalubowa. Mijin ya lalubo. Ba zan ba ki sauran labarin ba, ta dai rayu, amma ba ta sake yi wa ɗayanmu magana ba. Magana zarar bunu ce, 'yata. Mamaci ba ya iya cewa kar a faɗa, kuma ba abin da zai same shi. Mai rai yana da dalilansa, ko masu kyau ko marasa kyau, kuma ba ni zan auna su ba. Na yi aikin gidan waya har gashina ya yi fari, ban taɓa buɗe ambulan ɗin wani ba don na ga mai jiran ta yana kuka a bakin kanta.

Ga shawara. Ki shigo ta ƙofar da take buɗe. Kakarki, mahaifiyar babanki, ta rasu, ana iya maganarta, kuma abin da muke da shi a kanta kaɗan ne. Ki rubuto abin da kika sani. Ki bari dangi su san ki, su saba da sunanki. Ban yi miki alkawarin komai ba.

Allah ya yi miki albarka, ya sanyaya zuciyarki.

Baffanki

Daga Auta zuwa ga Yaya

Assalamu alaikum Yaya,

Ina fatan ka iso gida lafiya. Na san ka ce in bari, ban bari ba, sai ka yi haƙuri da ni. Ka zauna kafin ka karanta wannan, kuma in kana tuƙi ka bari sai ka tsaya.

Baffa ya ce in rubuta a kan Kaka, tun da ita doka ba ta hana ba. Na rubuta yadda suke so, suna a sama, gari, zamani, ban sa ko fulawa ɗaya ba. Na faɗi abin da Mama ta faɗa min: cewa Kaka tela ce, ta sayi keken ɗinkinta da guminta, ta zauna tare da mu a gidan benen nan na haya a hawa na uku, kuma ta rasu a asibiti ina jaririya.

Mutane sun ji daɗi. Tsohon sojan nan ya yi min ihun sannu da zuwa, gwaggon Amin ta yi Amin ɗinta. Har na fara jin kamar ina da dangi. Sai shekaranjiya, ina cikin ɗaure wa wani yaro ƙusar tabarau, wayata ta yi ƙara. Baffa ne ya saki saƙo ga kowa. Ga shi yadda yake, ban canza ko harafi ba:

"Wani ɗan zaure, wanda ya nemi a sakaya sunansa, ya aiko da gyara. Marigayiyar ba a asibiti ta cika ba. Ta cika a matakalar gidan, a kwanar da ke tsakanin hawa na uku da na biyu, ana saukowa da ita a goye. An dai wuce da ita asibitin, can aka rubuta takarda. Keken ɗinkin kuma ba saya ta yi ba, gadonsa ta yi daga yayarta."

Ƙusar ta faɗi daga hannuna, har yau ban gan ta ba.

Na tambayi matar nan da ta ba ni adireshin ko an saba yin haka. Ta ce e, doka ta yarda mutum ya aiko gyara ta hannun Baffa ba tare da suna ba, saboda tsofaffi masu kunyar musu a bainar jama'a. Ta ce akwai da yawa a zauren da ba su taɓa cewa uffan ba, karatu kawai suke yi, Baffa kaɗai ya san su.

Yaya, kai kana nan ranar. Wa ya goya Kaka? Wa kuma ke kan matakalar? Ko Mama asibiti ta sani, har ta koma ga Allah asibiti take cewa. Ina tsoron abin da nake tunani, ina kuma tsoron kar ya zama ba haka ba.

Ka amsa min da wuri don girman Allah.

Auta

Daga Yaya zuwa ga Auta

Auta,

Salam. Na tsaya a gefen hanya kamar yadda kika ce, kuma gara da na tsaya.

Da safe ne, ina shirin makaranta. Kaka ta kwana tana numfashi sama-sama. Mama ta ɗauke ki ta sauka tarar mota. Baba ya goya Kaka, ni ina binsu a baya da bargonta. Mu uku ne a matakalar, ba na huɗu. Da muka zo kwanar nan sai ya tsaya, ya jingina goshinsa da bango, ya daɗe a haka. Na ce, "Baba ka gaji ne?" Can ya gyara goyon, ya ci gaba da sauka a hankali. A bakin mota ya ce wa Mama ta koma sama da mu, shi zai kai ta. Duk shekarun nan na ɗauka hutawa ya yi. Ashe ba hutawa ba ce.

Bai rufa wata biyu a gidan ba bayan haka.

Kar ki ɗauka wannan ya wanke shi a wurina. Uwar kowa na mutuwa, tamu ma ta mutu, ban gudu na bar 'ya'yana ba. Abin da ke ci min rai shi ne yana nan. Yana raye, yana da waya, yana da ido, yana zaune a wani ɗaki yana karanta sunanki. 'Yar da ya bari a goye ta girma ta yi rubutu a gabansa, abin da ya ga ya dace ya ce shi ne keke gado ne ba saye ba. Haba! Jan biron nan bai ƙare ba har yanzu?

To tun da shi ba ya iya ganin kuskure ya ƙyale, ga shawara. Baffa ya ce ba a ambaton mai rai, ko? Ki rubuta marigayi a gaban sunansa. Ki sa shekarar haihuwa, ki ce an ce ya rasu a wani gari. Doka ta cika kenan. Mu gani ko zai gyara wannan ma. In ya fito ya ce ƙarya ne ina raye, to ga shi kin samu. In bai fito ba, kin huta, ni ma na huta.

Ban taɓa ba wa kowa a hanya labarin gidanmu ba, amma yau sai da mai shayi ya tambaye ni ko lafiya.

Yayanki

Daga Auta zuwa ga Baffa

Assalamu alaikum Baffa,

Ina gaisuwa, Allah ya ja kwana.

Na aiko sabon saƙo zaure, yana jiran ka buɗe masa. Za ka ga na bi doka: suna a sama, gari, zamani, da inda na samo, wato "an ce". Na ga ka saki saƙonni da yawa da "an ce" ɗin nan. Kalmar farko, wato marigayi, ita ce ta fi min nauyi, kuma sai da na goge ta na sake rubutawa ban san sau nawa ba. Ji nake kamar mugun fata nake yi wa uban da ya haife ni. Allah ya sani ba haka ba ne a raina.

Ba zan ɓoye maka ba, Yayana ya gaya min su wa ke kan matakalar ranar da Kaka ta rasu. Mutum uku ne, ɗaya ta mutu, ɗaya Yayana ne.

In ka san abin da na rubuta gaskiya ne, ka sake shi, in yi kukana in haƙura. In ka san ba gaskiya ba ne, ka riƙe. Ko wanne ka yi, na ji amsata.

Ka yafe min, na san na sa ka a tsaka mai wuya.

'Yarka,
Auta

Daga Baffa zuwa ga Auta

Zuwa ga 'yata,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Gaisuwarki ta iso, Allah ya yi albarka.

Kin ɗaure ni da igiyar da na tufka da hannuna. Na so in ce miki shaida ba ta isa ba, amma ke da ni mun san ƙarya zan yi, kuma na tsufa da ita.

Na riƙe saƙon. Kin ce kin ji amsarki, to kin ji.

Tun da rufin ya yaye, bari in ƙarasa, Allah ya yafe min alkawarin da na karya. Ya daɗe a zauren, tun kafin ki shigo. Da ya nemi shiga ya ce kar a ambace shi, kar a ba da adireshinsa, na amsa, don haka nake amsa wa kowa. Ban san garin da yake ba, ban taɓa jin muryarsa ba tun da ya tafi, rubutu ne kawai tsakaninmu. A dokarmu, duk saƙon da ya taɓa mai rai ana nuna masa kafin a yanke hukunci. Saƙonki na farko, na cigiya, na tura masa a ranar. Na jira, bai ce komai ba. Da na ce ki rubuto a kan kakarki, ina fatan in ya ga sunanki kusa da na mahaifiyarsa zuciyarsa za ta motsa. Ta motsa, amma kin ga ta inda ta ɓullo.

Wannan ma na tura masa, don doka ce. Na haɗa da 'yan kalmomi nawa, waɗanda ba na mai zaure ba ne, na ɗan uwa ne. Na ce masa ga 'yarka ta rubuta ka mutu, ba don tana so ba, sai don ta ji ka ce a'a. Na ce kalma ɗaya ta ishe ta.

Amsarsa ta zo ɗazu. Ya ce in sake shi yadda yake.

Ban taɓa sakin abin da na san ba gaskiya ba ne. Amma saƙon naki ne, sunan nasa ne, ku biyun kuma kun ce a saki. Ina roƙonki ki janye, 'yata. In ya fita ba ya dawowa.

Baffanki

Daga Auta zuwa ga Yaya

Assalamu alaikum Yaya,

Ya hanya? Na tura maka wasiƙar Baffa, na san ka gani tun da ka yi shiru.

Ban janye ba. Na ce wa kaina, a ɓoye yana da sauƙi mutum ya ce a saki. Amma in ya gan shi a fili, dangi na yi masa addu'ar mamaci yana karantawa, ba zai iya jurewa ba. Wane ne zai iya? Na ce wa Baffa ya saki, ya saki.

Yaya, da na sani. Ta'aziyya ke ta shigowa kamar ruwan sama. Wayata ba ta huta ba, sai da na kashe mata murya na jefa ta a aljihun tebur tare da tsofaffin firam. Wata tsohuwa ta rubuta cewa tare suka yi wasan ƙasa, ya taɓa cire mata ƙaya a ƙafa, ta ce ta yi kuka da ta gani. Tsohon sojan nan, mai ihu, wannan karon da ƙananan baƙaƙe ya rubuto. Wani har ya riga ya shigar da shi cikin jerin zuriya da alamar mamaci a gefen sunansa. Mutanen kirki na sa su kukan ƙarya, kuma dole in amsa musu da na gode.

Mai shago ya leƙo ya gani, ya ce in tafi gida in yi zaman makoki, ya ba ni hutu. Na rasa bakin da zan ce masa ba a yi mutuwa ba. Ga ni a ɗaki zaune, ba abin da nake yi sai buɗe akwatin saƙo ina rufewa. Duk saƙon da ya shigo gabana sai ya faɗi.

Zai gyara, Yaya. Kai ka ce ba ya iya ganin kuskure ya ƙyale. Ka ce min zai gyara.

Ƙanwarka,
Auta

Daga Baffa zuwa ga Auta

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina da wani kusa da ke yayin da kike karanta wannan. In Yayanki na gari, ki kira shi.

Gyara ya zo. Ban sake shi zaure ba, kuma ba zan sake shi ba, amma haƙƙinki ne ki sani.

Ya ce shekarar haihuwar da kika sa ba ita ba ce, kin rage masa shekara biyu.

Na rubuta masa na ce, sai me kuma? Na ce ya sake dubawa da kyau, tun daga kalmar farko.

Ya ce ya duba, sauran duk daidai ne.

Allah ya ba ki haƙuri, 'yata. Ƙofar gidana a buɗe take gare ki, ke da Yayanki.

Wassalam,
Baffanki